Barcin Haruyo a Kwandon Balan-balan

Gari ya fara haske lokacin da Haruyo ta shigo da 'yar motarta tsakar gida. Ta kashe injin, amma ba ta fito ba. Ta kifa goshi a kan sitiyari tana jin yadda ƙafafunta ke zugi. Tun daren jiya take tsaye a masana'antar da ake ɗura shinkafa da kifi cikin 'yan akwatuna don shagunan garin Saga, kuma ko da ta wanke hannu har sau nawa, ƙarnin kifin nan sai ya biyo ta gida.

"Ke!"

Muryar mijinta ce daga cikin ɗaki. Ya ji shigowar motar. Tadanori bai taɓa kiran ta da sunanta ba tun suna da ƙuruciya, balle yanzu da harshen ya yi masa nauyi.

"Ga ni nan zuwa, Baban Naoki," ta ce, ko da yake ta san ba zai ji ba.

Kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, Tadanori Soejima manomi ne mai baki, wanda in yana faɗa da shanunsa na ƙarfe, kamar yadda yake kiran motocin noma, sai an ji shi daga ƙetaren magudanar ruwa. Ciwon ya tafi da hannunsa na dama da ƙafa, ya karkatar masa da baki. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yawun da ke zubowa ba da saninsa ba. Tun da aka sallamo shi daga asibiti ya ce kada wanda ya sake shigo masa. Maƙwabcinsu Kenzo Egashira, abokin wasansa tun suna kama kwaɗi a gonar shinkafa, ya yi ta zuwa ana mayar da shi daga bakin ƙofa, har ya gaji ya bari. Shi ne dai ke noma musu gonar yanzu, in ya kawo rabonsu ya ajiye a bakin rumbu ya juya. Ɗansu Naoki kuwa yana can Osaka da iyalinsa, sai waya ranar Lahadi.

Ta shiga ta yi abin da take yi kullum. Ta zubar da kwalbar fitsari, ta goge masa jiki da ruwan ɗumi, ta canza masa riga yana ta ƙorafin hannunta da sanyi. Ta ɗumama shinkafa da miyar waken soya, ta ba shi a baki, rabi na shiga rabi na dawowa. Ta shanya wanki a igiya. Sannan ta shimfiɗa katifarta a ɗakin da ke kusa da nasa, ta ja labule. Daga nan zuwa tsakar rana nata ne. Duk abin da ta mallaka a duniya ke nan.

Ba ta kai ga sa kai a matashi ba ta ji wani gurnani a sama, kamar an hura wutar maƙera, ya ɗauke, ya sake dawowa.

Ta san ko mene ne. Makon bikin manyan balan-balan masu ɗaukar mutane ne, wanda ake yi kowace shekara in an gama girbin shinkafa. Daga bakin kogi suke tashi da sassafe, su cika sararin sama, iska ta kwashe su ta kai inda ta ga dama. Mutanen ƙauyen sun saba da su kamar yadda suka saba da hankaki. Amma wannan gurnanin ya yi kusa da yawa. Karen gidan Egashira ya fara haushi kamar zai tsinke sarƙa. Labulen ɗakinta, wanda fari ne, ya rikiɗe ya koma ja.

Sai ta ji muryar mace daga sama, tana ƙwala kira:

"Masu gida, ku yi haƙuri! Don girmanku ku yi haƙuri! Za mu sauka!"

Haruyo ta fito baranda ba takalmi. Wani ƙaton kwando ne ke gangarowa ta saman katanga, da mutum biyu a ciki, a samansa kuma balan-balan ja da rawaya wanda ya fi gidan nata girma. Kwandon ya goge kan bishiyar lemo, ya dira tim a tsakiyar dashen albasar da ta yi a makon jiya, ya yi tsalle, ya sake dira, ya ja ƙasa har ya tsinke igiyar shanya, sannan ya kife a gefe. Ƙyallen balan-balan ɗin ya saki numfashi a hankali, ya kwanta a kan rufin rumbu, ya zubo ta bayan katanga har kan hanya.

Ta tsaya tana kallo. Ba ta ji tsoro ba, ba ta ji mamaki ba. Abin da ya zo mata a rai kawai shi ne, wankin nan sai an sake shi.

Wata mace ce ta fara rarrafowa daga kwandon, gajera, mai furfura a gaban goshi, sanye da safar hannu ta fata. Ta miƙa hannu ta ja wata igiya, ta murɗa wani abu a jikin tukwanen gas, sannan ta juyo ta sunkuya har kanta ya kusa taɓa gwiwa.

"Uwargida, sunana Nonaka, ni ce matuƙiya. Ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba. Gonar can da aka girbe na nufa, iska ta juya mini. Gaba wayoyin lantarki ne, gas kuma ya kusa ƙarewa. Tsakar gidanki kaɗai na gani."

"Babu wanda ya ji ciwo?" in ji Haruyo.

"Babu. Sai dai wancan." Ta nuna wani mutum mai ƙiba da ya fito da rarrafe, fuskarsa ta yi fari fat, ya nufi gindin katanga ya fara kelaya amai. "Mijin ƙanwata ne. Shekara da shekaru yana roƙona in ɗauke shi. Ga shi na ɗauke shi."

"Yaya," in ji mutumin cikin nishi, "ko a mafarki kika sake gani na a kusa da abin nan, ki tashe ni."

"Ke! Mene ne?" Tadanori ya ƙwalo daga ciki. "Me ya faɗo?"

"Baƙi muka yi," ta ce.

"Rufe ƙofa!"

Ta ja ƙofar barandar ta rufe. Ta shiga kicin ta ɗebo ruwa da tawul ta kai wa mai amai. Matuƙiyar tana ta magana a waya, ta dawo da fuska a yamutse. Mutanenta da ke bin ta da mota sun maƙale a kan gada, cunkoson 'yan kallo ya tsayar da komai. Sai dai a jira.

Kan ka ce me, ƙauye ya taru. Tsofaffi da sandunansu, mata da kwandon cefane, matasa kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Mutanen da rabon su da taka gidan nan tun kafin ciwon maigidan, yau ga su har gindin baranda, suna tattake abin da ya rage na albasa. Kenzo Egashira ya shigo da tsani a kafaɗa, dogo, ƙasusuwa kawai, da tawul ɗaure a ka.

"Haruyo-san, ashe kin fara noman balan-balan ba ki gaya mana ba? Wane taki kika sa ya yi wannan girma?"

Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi murmushi don kada a ce ba ta yi ba.

Mutane suna gidanka ba ka barin su haka. Ta ɗora ruwan zafi, ta fito da duk kofunan da take da su, har da waɗanda ba a taɓa ba tun bikin Naoki. Ta haɗa shayi, ta tsinko lemo ta zuba a faranti. Tana miƙa wa wannan, wancan na tambayar inda banɗaki yake. Kenzo yana kan rufin rumbu yana ba da umarni, matuƙiya na roƙon a bi a hankali kada kusa ta yaga ƙyallen. Daga ciki kuma "Ke!" ba ta fasa ba. Ta shiga, ya ce su wa ke dariya. Ta fito, ta sake shiga, ya ce ta tabbata ƙofar a rufe take. Da ta fito karo na gaba sai ta tsaya da tire a hannu a tsakiyar fili, ta rasa inda ta nufa da shi. Ƙasa ta ɗan yi mata lilo.

Wani hannu ya karɓe tiren. Matuƙiyar ce.

"Uwargida, yaushe rabon ki da barci?"

"Aikin dare nake yi. Ba komai, na saba."

Matar ta dube ta. An riga an tayar da kwandon tsaye a gindin bishiyar lemo, an kwance shi daga ƙyallen. Ta yi nuni da shi da haɓa.

"Kin taɓa shiga?"

"Ni? Haba dai. A shekaruna?"

"Shekarunmu ɗaya, in ban girme ki ba. Ni na faɗo gidanki ba sallama, ai ya kamata ke ma ki leƙa nawa. Ga wurin sa ƙafa nan."

Haruyo ta so ta ƙi, amma ƙin ma sai da ƙarfi, ita kuwa ba ta da shi. Ta sa ƙafa a ramin da ke jikin saƙar, ta ɗaga ɗayar da ƙyar, matar ta tallafe ta, ta faɗa ciki. Wurin ƙarami ne, bai fi wurin wanka ba. Yana ƙanshin busasshiyar kaba da ɗan warin gas. An naɗe bakinsa da fata mai laushi, tukwanen gas a kusurwa an sa musu riguna masu kauri. Ta tsaya tana kallon tsakar gidanta daga ciki, sai gajiyar daren ta sauko mata gaba ɗaya. Ta ce bari ta ɗan tsuguna. Da ta zauna sai bangon kwandon ya wuce kanta. Mutane suka ɓace. Hayaniyar ta koma can nesa kamar ta wani gida. Babu abin da take gani sai ganyen lemo da wani yanki na sama. Rana ta fara ɗumama saƙar da ta jingina da ita.

Ta ce a ranta, in ƙirga goma in tashi. Ba ta san inda ƙirgar ta tsaya ba.

Ciwon wuya ne ya tashe ta. Rana ta take tsaka, an lulluɓe ta da wata rigar sanyi da ba tata ba, yawu ya bushe a gefen bakinta. Ta ɗan jima ba ta gane inda take ba. Da ta gane, sai ta tuna. Maganin maigida. Banɗakinsa. Shiru ya yi yawa, babu "Ke!", babu komai. Ta dafa tukunyar gas ta miƙe, ta leƙo.

Taron ya watse. Ƙyallen nan da ya rufe rumbu an cusa shi cikin wani ƙaton buhu, ga motar ɗaukar kaya a bakin ƙofa. An ɗaure igiyar shanya, an sake ɗauraye wankin an baza, duk da rigunan a juye aka rataye su. Mutanen matuƙiyar su huɗu masu riguna iri ɗaya suna zaune a jere a bakin baranda suna ɓare lemo, suna magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Ƙofar barandar a wangame take. A tsakiyarsu, cikin keken guragu, cikin rana, Tadanori ne, an sa masa maɓallan riga a karkace. Kenzo na tsugune a gefensa yana riƙe masa kofi.

"Ga ta nan ta sauka lafiya," in ji Kenzo. "Ina kika kai, Haruyo-san? Kin ga teku?"

Kunya ta rufe ta tun daga ka har ƙafa. Ta yi ƙoƙarin fitowa da sauri, ƙafa ta ƙage, sai da matuƙiyar da ɗaya daga cikin mutanenta suka ciro ta kamar buhu.

"Me ya sa ba ku tashe ni ba? Na ɓata muku lokaci. Ai kuna da tashin yamma."

"Yamma ba ta yi ba tukuna," in ji Nonaka. "Kwandona ne, ni ke cewa a ɗaga ko a bari. Na ce duk wanda ya taɓa shi, a ƙasa zai koma gida."

Daga baya Kenzo ya ba ta labarin abin da ya faru. Tadanori ya yi ta kira har muryarsa ta dushe. Da kiran ya canza, ya zama irin na wanda abu ya matsa, sai Kenzo ya sauko daga tsani, ya tuɓe takalmi ya ja ƙofar. Tadanori ya jefe shi da matashi, ya zage shi tas, zagin da rabinsa ba ya fita. Kenzo ya ce masa, "Zagi dai na saba da shi tun muna 'yan firamare, bari in ɗaga ka kafin ka jiƙa wa matarka katifa." Ya ɗauke shi ya kai shi banɗaki, amma ba su isa a kan lokaci ba. Ya wanke shi, ya nemo wando ya sa masa. Da ya gama, maimakon ya mayar da shi gado sai ya ɗora shi a keke ya turo shi waje, yana cewa in zai yi fushi ya yi a rana, ya fi lafiya.

Mutanen balan-balan suka ɗora kwandon a mota. Sun mayar da abin da zai mayu na dashen albasa, layin a karkace, rabi kuwa ya riga ya mutu. Nonaka ta kawo kwalin alewa da tawul mai hoton balan-balan, ta miƙa da hannu biyu, ta sake sunkuyawa, ta ce za ta aiko da sabon dashe. Mijin ƙanwarta, wanda jini ya dawo masa fuska, ya sunkuya wa Tadanori ya gode da lemo. Haruyo ta mayar wa Nonaka da rigar sanyinta.

"Na san irin wannan barcin," matar ta ce da ita a hankali, tana karɓa.

Da motar ta fita, Kenzo ya saɓa tsaninsa.

"Tada, jibi zan shigo da allon dara. In ka ga dama ka sake jifa ta da matashi."

"Kada ka zo," in ji Tadanori.

"To, na ji. Sai jibin."

Suka rage su biyu. Ta tsuguna ta ɓalle maɓallan rigarsa ta mayar da su daidai. Ta ga busasshiyar miya a wuyansa.

"Ka ci abinci?"

"Wai. Rabi a wuya ya zuba mini. Hannunsa kamar shebur." Ya kalli ramin da kwandon ya bari a fili. "Kin ba ni kunya. Minshari kamar injin casa, duk ƙauye sun ji."

"Su ji."

Ta ɗauko maganinsa da ruwa. Ya haɗiye da ƙyar, sannan ya kama hannun rigarta da hannunsa mai lafiya.

"Ya ga komai," ya ce. "Kenzo. Komai ya gani."

Hawaye ne ke gangarowa ta ɓarin da ya mutu, bai ma san suna zuba ba. Da a ce da ne, da ta nemi magana mai daɗi ta faɗa masa. Yau ba ta da ita. Ta goge masa fuska da sabon tawul ɗin.

"To, ya gani. Ga shi can yana tafiya da ƙafafunsa, bai mutu ba. Kai ma ba ka mutu ba."

Ta tambaye shi ko ta mayar da shi ciki, ya ce ta bar shi tukuna, ranar ba ta da zafi. Ta tattara kofuna, ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ta share ɓawon lemo da sawun takalman mutane. Kafin ta gama, lokacin ɗora abincin yamma ya yi. Da duhu ya shiga ta sa kayan aiki ta tafi masana'anta, wuyanta a sanƙare, ba ta iya waiwaye sai ta juya jiki gaba ɗaya. Abokan aikinta sun riga sun ga hoton gidanta a waya, suka yi ta tambaya, ta ce musu albasa dai ta tafi.

Jibin Kenzo ya zo, da allon a hammata. Tadanori ya ce a gaya masa yana barci. Kenzo ya amsa daga baranda cewa ya ji, ya tuɓe takalmi ya shiga. Ba kullum yake zuwa ba bayan nan, wani makon sau biyu, wani makon ko sau ɗaya, in aikin gona ya yi yawa. Aikin dare bai ragu ba, wanki bai ragu ba, Naoki yana nan yana cewa zai zo in ya sami hutu.

A wannan ranar ta farko dai, Haruyo ta kai musu shayi, ta shiga ɗakinta ta kwanta. Barci ya ƙi zuwa. Bango siriri ne, tana jin ƙarar 'ya'yan dara a kan allo, tana jin Kenzo na rantsuwa cewa an matsar masa da ɗa yana shan shayi, Tadanori na cewa da hannu ɗaya ma ya fi ƙarfinsa. Suka yi ta musu kamar za su doki juna. Sau biyu ta ɗaga kai don ta tashi ta duba, sai ta ji babu wanda ya kira ta. Ta mayar da kai, ta miƙe ƙafafu, ta bar su suna zugi.